Me ya sa sizeof ya fi lissafinka? Tambayoyi da amsoshi kan ciko da daidaiton adireshi a harshen C

Duk zangon da muka iso darasin `struct` a ajinmu na yamma a nan Sakkwato, nakan rubuta wannan a allo, in ce kowa ya faɗi girmansa kafin mu tambayi kwamfuta:

```c
struct gwaji {
    char a;
    int  b;
    char c;
};
```

Aji kan amsa baki ɗaya: shida. Ɗaya da huɗu da ɗaya. Sai mu buga `sizeof`, mai faɗin yawan bayit ɗin da abu ke ci a ma'adana, allo ya nuna 12. A bara wata ɗaliba da ke zuwa daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ina sauran shidan suka hito?" Tambayoyin da ke ƙasa duk daga bakin ɗalibai na tattaro su, wasu kuma ni ma na sha yi wa kaina su. Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Daidaito shi ne ƙa'idar adireshin da kowane irin bayani ya kamata ya fara a kai. Ciko kuwa shi ne bayit ɗin da kompaila, wato manhajar da ke juya rubutun C zuwa umarnin inji, ke cusawa babu komai a cikinsu, don ƙa'idar ta cika.

Ina bayit shidan suka fito?

Kompaila ne ya saka su. `a` ya zauna a gurbi na 0. `b` yana son adireshin da 4 ke rabawa ba saura, don haka aka tsallake 1, 2 da 3, ya fara a 4 ya ƙare a 7. `c` ya zauna a 8. Aka ƙara ciko uku a baya, jimla ta kai 12. Shida naka ne, shida ciko ne.

Mene ne ruwan furosesa da inda bayani ya fara?

Furosesa ba ya tsintar bayit ɗaya-ɗaya daga ma'adana kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Yana ɗauka ne da ma'auni, huɗu-huɗu ko takwas-takwas, kuma iyakokin ma'aunin a kafe suke: 0 zuwa 3, 4 zuwa 7, 8 zuwa 11, haka har ƙarshe.

Ka duba gonar albasa ta noman rani a fadamar Kware. An yanka ta fangali-fangali, kowanne da kunyarsa, mai ban ruwa yana buɗe wa fangali guda ya cika sannan ya toshe ya wuce. Shukar da ke tsakiyar fangali buɗewa ɗaya ta ishe ta. Da a ce wata ta hau kan kunya, rabin saiwarta nan rabi can, sai an buɗe biyu kafin ta sha. Haka `int` mai bayit huɗu yake idan ya fara a adireshi na 2: rabinsa yana cikin 0 zuwa 3, rabi yana cikin 4 zuwa 7. Dole a yi ɗauka biyu, a yanke, a haɗa.

Injuna sun bambanta wajen yadda suke karɓar wannan. Na Intel da AMD da ke cikin laftof ɗinka suna yin aikin da kansu, kuma a na zamani da ƙyar za ka ga jinkiri, sai in bayanin ya ratsa iyakar layin ma'adanar kusa (cache, ƙaramar ma'adana mai sauri da ke cikin furosesa), wanda yawanci bayit 64 ne. Wasu injunan ba sa haƙuri sam. SPARC kan kashe shirin da alamar `SIGBUS`. ARM Cortex-M0 da M0+ kan faɗa cikin `HardFault`. Shi ya sa ƙa'idar C ta ce karanta bayani ta manunin (pointer, mai riƙe adireshin bayani) da bai daidaita ba aiki ne da ba a fayyace sakamakonsa ba, wato komai na iya faruwa, har da ya yi aiki lafiya yau ya ƙi gobe.

Yaya zan lissafa girman struct da hannu?

Ka riƙe lamba guda a kai, inda ka tsaya, ka fara da 0. Ga kowane mamba, ka matsa gaba har ka kai lambar da daidaitonsa ke rabawa, sannan ka ƙara girmansa. In ka gama, ka matsa jimlar zuwa lambar da daidaito mafi girma a cikin struct ɗin ke rabawa.

Mu gwada a kwamfuta mai bit 64:

```c
struct kaya {
    char   iri;
    double kudi;
    short  buhu;
    int    lamba;
};
```

`iri` a 0, mun tsaya a 1. `kudi` yana son 8, ciko bakwai, ya ci 8 zuwa 15. `buhu` yana son 2, kuma 16 ta yi, ya ci 16 da 17. `lamba` yana son 4, 18 ba ta yi ba, ciko biyu, ya ci 20 zuwa 23. Jimla 24, takwas na raba ta, shi ke nan. Bayanin gaske bayit 15 ne, ciko 9.

Ina so ɗalibi ya iya wannan da biro da takarda, amma kada ya tsaya nan. `offsetof` da ke cikin `stddef.h` zai faɗa maka gurbin kowane mamba: `offsetof(struct kaya, lamba)` zai ba da 20. Lissafinka hasashe ne, abin da kompaila ya faɗa shi ne hukunci.

Na gane ciko a tsakiya. Na ƙarshe fa, tunda babu abin da ke bayansa?

Saboda jeri, wato array. In ka ce `struct gwaji j[2]`, na biyu yana farawa daidai inda na farko ya ƙare, domin C ba ta yarda da tazara tsakanin 'ya'yan jeri ba. Da girman ya tsaya a 9, na biyu zai fara a 9, `b` ɗinsa ya faɗo a 13, daidaito ya lalace. Da 12, kowa ya samu gurbinsa har ƙarshen jerin.

A farkon struct kuwa ba a taɓa saka ciko. Adireshin struct shi ne adireshin mambansa na farko, kuma ƙa'ida ce ta tabbatar da haka.

Me ya sa kompaila ba ya sake jera mambobin da kansa ya rage ɓarna?

An hana shi. Ƙa'idar C ta ce mambobi su zauna a ma'adana bisa jerin da ka rubuta su. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen a Bell Labs wajen 1972 don rubuta Unix, aikin da mai shiri ke buƙatar sanin takamaiman inda kowane abu yake, domin yana magana da na'ura kai tsaye. Har yau ana dogara da wannan alkawari: struct biyu da suka fara da mambobi iri ɗaya, tarin ayyukan shiri (libraries) da aka harhaɗa shekaru da suka wuce kuma dole su yi aiki da sabon shiri, rajistocin na'ura da aka kwatanta da struct. Harshen Rust ya zaɓi wata hanya, yana sake jeri yadda ya ga dama sai ka ce masa ya bi tsarin C. A C dai jerin yana hannunka.

To in jera daga babba zuwa ƙarami ke nan?

Ita ce dabara mafi sauƙi, kuma tana aiki. `struct kaya` da `kudi` a gaba, sai `lamba`, sai `buhu`, sai `iri`, yana sauka daga 24 zuwa 16. `struct gwaji` da `int` a gaba yana sauka daga 12 zuwa 8.

Amma ka tambayi kanka guda nawa za ka ajiye. In ɗaya ne ko goma, ka bar mambobin yadda mai karatu zai fi fahimta, abin da ke da alaƙa kusa da juna. In miliyan ne, bambancin 24 da 16 ya zama bayit miliyan 8, kuma layin ma'adanar kusa mai 64 zai ɗauki guda huɗu cif maimakon biyu da ɗoriya, abin da ake ji a gudun shiri. Na ga ɗalibai sun koyi wannan dabara sun bi kowane struct suna hargitsa shi, har wanda sau ɗaya ake amfani da shi. Ban goyi bayan haka ba. Bayit takwas bai kai wahalar wanda zai karanta aikinka bayan shekara ba.

Girman int da sauransu ɗaya ne a ko'ina?

A'a. `char` kaɗai aka yanke cewa 1 ne. `int` bayit 4 ne a laftof, amma 2 ne a Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake ɗora wa shiri. `long` 8 ne a Linux mai bit 64, 4 ne a Windows mai bit 64. Manuni 8 ne a inji mai bit 64, 4 a mai bit 32. `double` 8 ne kusan ko'ina, amma a Uno 4 ne, daidai da `float`. Daidaiton ma yana canzawa: `double` a cikin struct yana bin 4 a Linux mai bit 32 na Intel, yana bin 8 a Windows. A Uno kuwa, da yake injinsa ATmega328P mai bit 8 ne, daidaiton komai 1 ne, babu ciko ko kaɗan.

Nau'o'in `stdint.h` da suka zo da C99, irin su `uint16_t` da `uint32_t`, suna kafe girma. Ba sa kafe ciko. A nan ne mutane da yawa ke zamewa, ni ma a nan na zame.

Zan iya aika struct yadda yake ta waya, ko in rubuta shi a fayil?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, don haka zan daɗe a kanta.

Kawuna yana da gonar albasa a fadama, kuma kuɗin man injin ban ruwa yana cin ribarsa. Na ce zan haɗa masa abin awon danshin ƙasa, don ya san fangalin da ke buƙatar ruwa da wanda zai iya jira. Na yi amfani da Uno a gona, na rubuta wannan:

```c
struct awo {
    uint8_t  fangali;
    uint32_t lokaci;
    uint16_t danshi;
    float    zafi;
};
```

Fayil ɗin kai (header) ɗaya, mai ɗauke da wannan struct, na sa a ɓangarorin biyu, Uno da laftof, na ɗauka ai magana ta ƙare. Uno ya aika `sizeof` nasa, laftof ya karɓi `sizeof` nasa. Ranar gwaji a watan Maris ne, rana ta take, muna tsugune a inuwar bukkar mai gadi, na ɗora laftof a kan jarka ina kare allon da hula don in iya gani. Lambar fangali ta farko ta fito daidai. Duk abin da ya biyo baya shirme ne: lokaci ya zama wata lamba mai tsawo, zafi ya zama abin da ba a taɓa ji ba, layi na biyu kuma har lambar fangalin ta ɓace. Kawu ya leƙo ya ce, "Ɗana, wanga abu naka ko rana ta taɓa shi?" Ni ma abin da na fara zargi ke nan. Na canza waya, na canza batir, na lulluɓe akwatin da buhu jiƙaƙƙe. Kwana biyu ina neman laifi a ƙarfe.

Da na zauna na buga `sizeof` a kowane ɓangare, Uno ya ce 11, laftof ya ce 16. Laftof yana neman `lokaci` a gurbi na 4, alhali Uno ya sa shi a gurbi na 1. Abin da laftof ya ɗauka a matsayin lokaci, bayit ɗaya ne na ƙarshen lokaci, biyu na danshi, da ɗaya na farkon zafi. Kuma kowane karatu yana cinye bayit biyar daga saƙon da ke biye, shi ya sa ɓarnar ta yi ta gaba.

Ka lura cewa sake jeri kaɗai bai isa ba a nan. Da `lokaci`, `zafi`, `danshi`, `fangali`, gurabe sun yi daidai a ɓangarorin biyu, amma laftof zai ce 12 saboda cikon ƙarshe, Uno ya ce 11. Sai in ka ƙara bayit guda da hannunka ka ba shi suna, sannan su haɗu a 12.

Maganin da na tsaya a kai shi ne in rubuta tsarin saƙon a takarda tukuna: bayit 0 fangali, 1 zuwa 4 lokaci, 5 da 6 danshi, 7 zuwa 10 zafi. Sannan in rubuta aiki ɗaya mai zuba kowane mamba cikin jerin `uint8_t`, da wani mai kwashewa:

```c
b[0] = a->fangali;
b[1] = a->lokaci & 0xFF;
b[2] = (a->lokaci >> 8) & 0xFF;
b[3] = (a->lokaci >> 16) & 0xFF;
b[4] = (a->lokaci >> 24) & 0xFF;
```

Ya fi tsawo, amma ya warware matsala ta biyu da ban ma ci karo da ita ba a ranar, wato wane bayit ke zuwa farko, ƙarami ko babba. Uno da laftof duk ƙarami suke sawa a gaba, amma ƙa'idojin intanet babba suke sawa, shi ya sa ake da `htons` da `htonl`. Struct tsarin cikin gida ne na inji guda da kompaila guda. Duk abin da zai fita waje, ta waya ko rediyo ko fayil, ka tsara shi da kanka bayit bayan bayit.

Ai akwai #pragma pack(1). Me zai hana in sa shi in huta?

Yana cire ciko, gaskiya ne, haka ma `__attribute__((packed))` na kompailolin GCC da Clang. Akwai inda ya dace. Kan fayil ɗin hoto na BMP bayit 14 ne, ya fara da lamba mai bayit 2 sai mai 4 ta biyo. In ka kwatanta shi da struct na yau da kullum za ka samu 16, kuma duk abin da ka karanta bayan bayit biyun farko zai karkace. Mutane da yawa da `pack` suke magance wannan.

Sai dai ka san abin da ka saya. Ba ya cikin ƙa'idar C, kowane kompaila da salonsa. A injin da ba ya jure rashin daidaito, kompaila zai riƙa karanta mambobin bayit-bayit, shiri ya ƙara girma ya rage gudu. Mafi haɗari shi ne manuni: in ka ɗauki `&s.lokaci` daga matsattsen struct ka miƙa wa wani aiki a matsayin `uint32_t *`, shi wancan aikin bai san adireshin a karkace yake ba, zai karanta kai tsaye. GCC tun daga siga ta 9 yana gargaɗi kan haka da `-Waddress-of-packed-member`, kuma gargaɗi ne da ya kamata a saurara. In kuma ka yi amfani da `pragma`, ka rufe shi da `push` da `pop`, kada ya zarce ya matse struct ɗin wasu fayilolin kai da ka jawo a ƙasa.

Shirina yana aiki a laftof, amma a Raspberry Pi Pico yana sandarewa. Me ke faruwa?

Ka nemi layi mai kama da wannan:

```c
uint32_t x = *(uint32_t *)(buf + 1);
```

Pico na farko yana ɗauke da RP2040, mai Cortex-M0+, kuma adireshin da 4 ba ta raba shi zai jefa shi `HardFault`. Laftof ya rufa maka asiri ne kawai. Ka rubuta haka:

```c
uint32_t x;
memcpy(&x, buf + 1, sizeof x);
```

Kada ka ji tsoron jinkiri. Kompaila ya san `memcpy`, a inda inji ya yarda zai mayar da shi umarni guda, a inda bai yarda ba zai bi hanyar da ba ta karyewa. Kafin ka ɗora shiri a ƙaramin inji, ka gwada shi a laftof da `-fsanitize=undefined`, zai nuna maka layin da lambarsa.

Manya ma suna fama da wannan. Kan saƙon Ethernet bayit 14 ne, don haka kan IP da ke biye yana faɗowa a adireshin da 4 ba ta rabawa. Linux yana da `NET_IP_ALIGN`, wanda a injuna da dama yake tura farkon saƙon gaba da bayit 2 don abin da ke biye ya daidaita.

Me ke cikin bayit ɗin ciko? Sifili ne?

Ba a yi maka alkawarin komai ba. Yana iya zama sifili, yana iya zama ragowar abin da ya taɓa zama a wurin. Abu biyu ke biyo bayan haka.

Na farko, kada ka gwada struct biyu da `memcmp`. Duk mambobi na iya zama ɗaya, ciko ya bambanta, a ce maka ba ɗaya ba ne. Ka gwada mamba da mamba. Haka in za ka lissafa lambar tantancewa, ka yi ta a kan saƙon da ka tsara, kada ka yi a kan struct.

Na biyu ya shafi amana. In ka kwafi struct gaba ɗaya ka aika waje, ragowar da ke cikin ciko ta tafi tare da shi, kuma tana iya zama guntun kalmar sirri ko adireshin ciki. An sha gyara irin wannan yoyo a cikin Linux kansa. `memset` kafin cika mambobi yana taimakawa ƙwarai, kuma shi ake yi, ko da yake ƙa'ida ta bar wa kompaila damar taɓa ciko duk lokacin da aka rubuta a wani mamba.

Abin da malloc ya ba ni a daidaice yake?

E, ga duk nau'o'in asali na harshen. A Linux mai bit 64 da glibc, adireshin da yake bayarwa 16 na raba shi. In kana buƙatar fiye da haka, C11 ta kawo `aligned_alloc`, POSIX na da `posix_memalign`, kompailan Microsoft kuma `_aligned_malloc` yake da shi, wanda ake sakewa da `_aligned_free`.

Akwai lokacin da zan so ƙarin ciko da gangan?

Akwai. C11 ta ba mu `_Alignof` don tambaya da `_Alignas` don umarni, kuma a C23 `alignof` da `alignas` sun zama kalmomin harshen kansu. Wasu umarnin SSE na furosesan Intel da AMD, kamar `movaps`, suna buƙatar daidaiton 16, in babu, su kashe shirin. Sannan in zare biyu (threads, sassan shiri da ke aiki lokaci guda) suna gudana a kan cibiyoyin furosesa daban, kowanne yana ƙara nasa ma'ƙirgi, amma ma'ƙirgan biyu suna zaune a layi ɗaya mai bayit 64, cibiyoyin za su yi ta fizgar layin daga hannun juna ko da yake babu mai taɓa na wani. Sa `alignas(64)` a kan kowanne yana raba su, kowa da layinsa. Ka ɓata bayit kaɗan, ka samu gudu.

Da me zan duba struct ɗin da na riga na rubuta?

`-Wpadded` a GCC ko Clang zai faɗa maka duk inda aka saka ciko. Yana da surutu, don haka ka kunna shi ka duba ka kashe. A Linux akwai `pahole`: ka harhaɗa shirin da `-g`, ka ba shi, ya zana maka kowane struct da ramukansa da girman kowane rami.

Wanda nake tilasta wa ɗalibaina kuwa layi ɗaya ne, a ƙarƙashin duk struct ɗin da girmansa ke da muhimmanci, kamar `struct awo` in an sake jera shi an ƙara masa bayit guda ya zama 12:

```c
_Static_assert(sizeof(struct awo) == 12, "girman awo ya canza");
```

In wani ya ƙara mamba, ko aka kai shirin wani inji mai wata ƙa'ida, harhaɗawar za ta tsaya nan take da wannan saƙo, tun kana zaune a ɗaki, kafin ka hau kabu-kabu zuwa fadama. Ka ƙara irinsa da `offsetof` ga kowane mamba da wani inji ke dogara da gurbinsa.